Maɓallin Iska

A Porto, hawa na uku, saman gidan burodi,
inda ƙamshi ke riga mu zuwa aiki,
Amândio ya kwana tara yana kaɗa riga ɗaya.

Fim ɗin na wata unguwa ne a gaɓar Douro,
baranda bisa baranda, igiya bisa igiya,
shanya ɗari uku da sittin,
kowace sai an motsa ta da hannu,
hoto ashirin da huɗu kafin daƙiƙa ta cika.
Na yi lissafi a bayan rasit:
in ya ci gaba a haka
jikokinsa ne za su ƙarasa tawul na ƙarshe.

Manhajar da muka saya da tsada
ta iya gudun doki, ta iya faɗuwar ƙwallo,
iskar kogi ce ba a koya mata ba.
Sai dai maƙeranta sun bar ƙofar baya a buɗe,
ɗan baƙin fili da ake rubuta mata umarni.
Nan ne shagona. Ni ce Ondina.
Ko kyanwa ban iya zanawa ba,
ina dai ƙera wa masu zane abin hannu.

Na ce mata, nemo duk abin da ke kan igiya.
Na ce, riƙe sama, saki ƙasa.
Ta amsa da jan rubutu: kuskure.
Na bi layuka kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa
har jirgin ƙarshe ya haye gada.
Ashe waƙafi ɗaya ne ya faɗi
a layi na ɗari biyu da sha biyu,
abin da bai kai ƙwayar gishiri ba
ya hana iska shiga gari.

Da safe na dasa sabon maɓalli a gefen allonsa,
shuɗi, na raɗa masa suna Iska.
Ya danna.
Duk shanyar ta tashi lokaci guda,
ta sauka lokaci guda,
kamar sojoji ranar fareti.
Na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya ce, uwata Deolinda
shekara talatin tana yi wa mutane wanki.
Jiƙaƙƙen zanin gado ba ya amsa kiran farko,
sai an maimaita masa.
Safar yaro kuwa tun iska na nesa ta fara rawa.
Na cikin lungu labari kawai suke ji.
Ke umarni kika rubuta, yarinya.
Iska lallashi take yi.

Na koma shago da kunnuwa masu zafi.
Na ba kowane tufa nauyinsa.
Na ƙera ma'aunin danshi, daga sifiri zuwa goma.
Na barbaɗa jinkiri, kaɗan nan, da yawa can,
na saka wani ɗan lissafi
da ni kaina ban san me zai fitar ba.
Kwana huɗu.
Kofi ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.

Ya danna.
Safa ta fara. Siket ya biyo baya.
Zanin gado ya yi kamar ba da shi ake ba,
can sai ya ɗaga kafaɗa ɗaya,
ya kumbura, ya saki numfashi.
Ɗakin ya yi tsit
har muna jin tsuntsayen teku na rigima a kan rufi.

Bai ce madalla ba, ba halinsa ba ne.
Ya sa yatsa a allo, baranda ta uku daga hagu,
wata koɗaɗɗiyar rigar aiki mai aljihu biyu.
Ya ce, wannan ki cire ta daga lissafinki.
Ni zan kaɗa ta.

Na ƙara layi ɗaya: banda wannan.
Cikin duk abin da na rubuta a makon
shi ne mafi gajarta.

Yanzu ƙarfe bakwai, burodin yamma ya fito.
Kowa ya sauka.
Shi yana hoto na goma sha ɗaya,
yana ɗaga aljihun dama a hankali.